Kujeru Uku da Mamata Uku: Nazari a Kan Wasan Copenhagen na Michael Frayn

Kujeru uku ne kawai a kan dandali, da mutum uku, kuma dukansu sun riga sun mutu kafin a fara magana. Haka marubucin nan ɗan Ingila, Michael Frayn, ya tsara wasan kwaikwayonsa mai suna Copenhagen, wanda aka fara nunawa a babban gidan wasan ƙasa na birnin Landan a watan Mayu na 1998. Da shekara ta kewayo Jean-Marie Besset ya juya shi zuwa Faransanci, aka nuna shi a gidan wasa na Montparnasse a Paris. A 2000 ya ci kyautar Tony a New York, a 2002 kuma BBC ta mai da shi fim, inda Daniel Craig ya fito a matsayin Heisenberg. Mamatan uku su ne Niels Bohr, babban masanin fizik na ƙasar Danmark, da mai ɗakinsa Margrethe, da almajirinsa Bajamushe, Werner Heisenberg. Sun taru a wani wuri marar suna domin su warware tambaya guda: me ya kawo Heisenberg birnin Kopenhag a watan Satumba na 1941, kuma me ya faɗa wa malaminsa har zumuncin kusan shekara 20 ya tsinke?

Wasan ya cancanci sunan da ya yi. Da wuya a samu wani marubuci da ya sa jama'a suka zauna sa'o'i biyu suna sauraren zancen ƙwayar zarra ba tare da hamma ba. Sai dai gwanintar ce ta sa ya kamata a bi shi da ido biyu, domin mafi yawan waɗanda suka san labarin masanan Jamus da bom ɗin ƙare-dangi daga bakin wannan wasa suka san shi, kuma wasan yana da inda ya karkata.

Kafin a kai ga wannan, tilas a ɗan shimfiɗa wa mai karatu tabarmar tarihin. A watan Disamba na 1938, a cibiyar binciken shimi ta Kaiser Wilhelm da ke unguwar Dahlem a Berlin, Otto Hahn da Fritz Strassmann suna harba ƙananan ɓarɓashin da ake kira nutiron a kan uraniyom, sai suka tarar da bariyom a cikin abin da ya rage, watau wani sinadari da nauyinsa bai wuce rabin na uraniyom da kaɗan ba. Abin ya ɗaure wa Hahn kai, ya rubuta wa abokiyar aikinsa ta shekara 30, Lise Meitner, wadda ta gudu daga Jamus a watan Yuli na wannan shekara saboda asalinta na Bayahudiya. A ƙauyen Kungälv na ƙasar Suwidin, lokacin hutun Kirsimati, ita da ɗan ƴar uwarta Otto Frisch suka gane abin da ya auku: ƙwanduwar ƙwayar zarrar uraniyom ce ta tsage biyu, kuma tsagewar tana sakin ƙarfi mai ban tsoro. Cikin ƴan watanni masana a Paris da New York suka tabbatar kowace tsagewa tana fitar da sababbin nutiron da za su iya tsaga wasu ƙwayoyin. Daga nan duk mai ilimin fannin ya san an buɗe ƙofa biyu: ta inji mai ba da wuta, da ta makami.

Jamus ce ta fara sa abin a hannun soja. Tun watan Afrilu na 1939 Paul Harteck na Hamburg ya rubuta wa ma'aikatar yaƙi yana jan hankalinta. A watan Satumba, da ɓarkewar yaƙi, ofishin makamai na rundunar ƙasa ya tara masana a ƙarƙashin Kurt Diebner, ƙungiyar da aka riƙa kira Uranverein, watau ƙungiyar uraniyom. Heisenberg, wanda ya karɓi kyautar Nobel yana da shekara 32, ya zama babban mai nazarinta. A watan Disamba ya miƙa wa soja rahoton da ya nuna injin yana yiwuwa, kuma uraniyom 235 da aka tace zai zama abin fashewa wanda ya zarce duk wanda aka sani. A 1940 abokinsa Carl Friedrich von Weizsäcker ya rubuta cewa injin da kansa zai haifar da wani sabon sinadari mai amfanin bom. Wannan ita ce hanyar da ta kai Amurkawa ga pulutoniyom.

To, a wannan hali Heisenberg ya shiga jirgin ƙasa zuwa Kopenhag. Danmark tana ƙarƙashin mamayar Jamus tun 9 ga Afrilu 1940. Sojojin Hitila sun kewaye Leningrad, Kiev tana faɗawa hannunsu a wannan makon. Mahaifiyar Bohr Bayahudiya ce. Dalilin tafiyar a hukumance shi ne lacca a cibiyar al'adun Jamus da ƴan mamaya suka buɗe, wadda masanan Danmark suke ƙaurace wa. Mutanen biyu sun keɓe, sun yi magana gajera, Bohr ya koma cikin fushi. Babu na uku da ya ji, babu wanda ya rubuta a ranar.

A cikin wannan ramin da tarihi ya bari Frayn ya kafa wasansa, kuma dabararsa mai kyau ce ƙwarai. Bohr ya shahara da sake rubuta maƙalarsa sau da yawa, yana faɗa Margrethe tana buga masa a tafireta. Sai Frayn ya sa mamatan su sake daren nan sau uku, kamar daftari bayan daftari. Heisenberg ya zo ƙofa, ya ja igiyar ƙararrawa, an yi gaisuwa mai nauyi, an fita yawo, an dawo a ɓace. Sa'annan a koma farko da wata fassara. Ko ya zo leƙen asiri ne, ya ji ko Amurka ta fara aikin? Ko neman gafarar malami ya zo yi, kamar mai zuwa wurin limamin coci? Ko so yake masanan duniya su haɗa baki su gaya wa gwamnatocinsu abin ya fi ƙarfin lokaci? Ko kuwa, kamar yadda Margrethe take soka masa, ya zo ne ya nuna wa tsohon ubangidansa yadda ya zama babban mutum a ƙasar da ke cin yaƙi? A tsakanin waɗannan daftarori zancen yakan sulale zuwa shekarun 1920, lokacin da su biyun suke yawo a bakin teku suna gina sabon ilimin fizik, yakan kuma sulale zuwa ranar da Christian, babban ɗan Bohr, ya faɗa teku daga jirgin ruwa a 1934 a gaban idon mahaifinsa. Wurin nan shi ne mafi taɓa zuciya a wasan: uban da ya rasa ɗan cikinsa a ruwa, ga kuma ɗan da ilimi ya ba shi yana nutsewa a wani irin ruwan. Frayn bai nanata wannan kamance ba, ya bar mai kallo ya tsinta da kansa, kuma ya kyauta.

Inda gizo ke saƙar shi ne ginshiƙin da aka ɗora ginin a kai. A 1927, a wannan birni na Kopenhag, Heisenberg ya fitar da ƙa'idar rashin tabbas: ba za a iya tantance wurin da ɓarɓashi yake da kuma saurin tafiyarsa a lokaci guda ba, gwargwadon yadda aka matsa wa ɗaya, gwargwadon yadda ɗayan zai kuɓuce. Frayn ya ɗauki wannan ya yi wa zuciyar ɗan Adam misali da shi. Niyya, a ganinsa, ba ta tantancewa, ko ga mai ita. Heisenberg yana ganin Bohr, yana ganin Margrethe, amma ba ya ganin kansa. Misalin yana da daɗin ji, kuma Frayn da kansa ya faɗa a dogon bayanin da ya rataya wa wasan cewa kamance ne kawai yake yi. Amma ƙa'idar Heisenberg ba ta ce komai duhu ba ne. Hasali ma ta faɗi iyakar rashin tabbas ɗin da lamba, kuma ilimin da aka gina a kanta yana cikin mafi daidaito da ɗan Adam ya taɓa samu. Rashin sanin abin da aka faɗa a daren 1941 wani abu ne dabam: shaidu biyu ne suka saɓa, ɗaya daga cikinsu kuma yana da abin karewa. Alƙali ba ya shiga zuciyar kowa, duk da haka yana yanke hukunci, domin yana da zahiri: abin da mutum ya yi, da abin da ya rubuta, da wanda ya yi wa aiki. Zahirin Heisenberg kuwa yana da yawa, kuma wasan ya zaɓi wanda zai kawo.

Frayn bai ɓoye ba cewa littafin ɗan jarida Thomas Powers, Heisenberg's War na 1993, shi ya tayar masa da tunanin wasan. Powers yana ganin Heisenberg ya san hanyar bom, ya ɓoye ta da gangan, ya kashe aikin daga ciki. Frayn bai bi shi har can ba. Ya ɗauki wata hanya mafi laushi: Heisenberg bai taɓa yin lissafin mafi ƙarancin nauyin uraniyom 235 da ake bukata ba, domin wani sashe na zuciyarsa ba ya son sanin amsar. A daftari na ƙarshe an gwada abin da zai faru da Bohr bai yi fushi ba, da ya tsaya ya tambaye shi ko ya yi lissafin: nan take almajiri ya yi, ya ga abin ƙarami ne, duniya ta koma wata duniya. Wannan wuri yana girgiza mai kallo. Amma mu lura da abin da ya aikata: ya ɗauki gazawa ya sa mata rigar lamiri. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Wannan riga kuwa an san inda aka ɗinka ta, an san ma ranar. Daga 3 ga Yuli 1945 zuwa 3 ga Janairu 1946 Ingilishi sun tsare masanan Jamus 10 a wani gida mai suna Farm Hall, kusa da Cambridge: Hahn, Heisenberg, Weizsäcker, Max von Laue, Walther Gerlach, Harteck, Diebner, Karl Wirtz, Erich Bagge da Horst Korsching. An binne na'urorin sauraro a ko'ina cikin gidan. Tun kwanakin farko Diebner ya yi zargin haka, Heisenberg ya yi dariya yana cewa Ingilishi ba su kai wannan wayo ba, tsofaffin yayi ne, ba su san hanyoyin Gestapo ba. Ba a saki rahotannin ba sai 1992. Ga masu karanta mujalla mai harshe biyu akwai abin lura a nan: faya-fayan da aka naɗi maganar a kansu an goge su an sake amfani da su, an rubuta ƙaramin kaso ne kawai, kuma galibin abin da ya rage fassara ce ta Ingilishi. Muna jin Jamusawan ne ta bakin tafinta. Duk da haka abin da ya tsira ya isa.

Da yammacin 6 ga Agusta aka gaya musu labarin Hiroshima. Hahn ya rushe, yana ganin jinin mutanen a wuyansa, sai da jami'in da ke tsaronsu, Manjo Rittner, ya yi ta lallashinsa da barasa. Gerlach, wanda ya shugabanci aikin a ƙarshen yaƙi, ya shige ɗaki yana kuka kamar janar ɗin da aka ci da yaƙi. Heisenberg da farko ya ƙi yarda bom ɗin uraniyom ne. Ya yi wani lissafi na gaggawa da ya kai shi ga nauyin tan, Hahn ya tuna masa cewa a da kilo 50 yake faɗa masa. Hahn ɗin nan, cikin ɗacin rai, ya gaya musu in dai Amurkawa sun yi, to su duka masana ne na sahu na biyu. A cikin wannan dare ne Weizsäcker ya fara cewa dalilin rashin nasararsu shi ne masanan ba su so ba, bisa aƙida, kuma da sun so Jamus ta ci yaƙi da sun yi. Hahn ya amsa cewa bai yarda da wannan ba, amma ya gode da ba su yi nasara ba. Heisenberg kuma ya faɗi wata magana da ta fi kowace kusa da gaskiya: a bazarar 1942 ba su da ƙarfin halin da za su shawarci gwamnati ta sa mutum 120,000 a kan aikin. Bayan mako guda, ranar 14 ga Agusta, ya yi wa abokansa lacca da lissafi sabo wanda ya kusanci daidai. Masu kare shi suna cewa wannan ya nuna ya sani tun da. Masu sukarsa suna cewa ya nuna mako guda ya ishe shi yin abin da bai yi ba cikin shekara biyar, bayan rediyo ta gaya masa amsar. A nan akwai saɓani na gaske tsakanin masana tarihi, domin wani rahoton soja na farkon 1942 ya riga ya ambaci kilo 10 zuwa 100.

Von Laue, wanda bai shiga aikin uraniyom ba kuma an san shi da ƙin ƴan Nazi a fili, ya rubuta wa abokinsa Paul Rosbaud a 1959 yadda ya ga an ƙera wannan fassara a teburin cin abinci, Weizsäcker yana jan gora, Heisenberg galibi yana shiru, kuma shi bai ji wani ya kawo zancen lamiri ba. A 1956 ɗan jarida Robert Jungk ya baza fassarar a duniya cikin littafinsa Heller als tausend Sonnen: masanan da ke ƙarƙashin azzalumi sun bi muryar lamiri, na ƙasashen ƴanci kuwa sun ƙera makamin. Jungk ya rayu har ya janye wannan magana, a gabatarwar da ya yi wa fassarar Jamusanci ta littafin masanin tarihi Mark Walker a 1990. Walker ya nuna abin da takardu suka nuna, wanda ba shi da armashin wasan kwaikwayo: a farkon 1942 soja suka auna, suka ga makamin ba zai zo kafin ƙarshen yaƙi ba, suka saki aikin ga hukumar bincike ta farar hula, a watan Yuni Heisenberg ya gana da ministan makamai Albert Speer, ya nemi kuɗi kaɗan, aikin ya ci gaba a warwatse, ƙungiyar Heisenberg da ta Diebner suna gasar uraniyom da ruwa mai nauyi. Sun yi watsi da garafit bayan gwajin Walther Bothe na 1941, suka dogara ga ruwa mai nauyi na masana'antar Vemork a Norwe, wadda ƴan gwagwarmaya suka fasa a watan Fabrairu na 1943. Injinsu na ƙarshe, a wani kogo a garin Haigerloch, mai ƴan dunƙulen uraniyom 664 rataye a sarƙa, bai kama ba har Amurkawa suka iso a watan Afrilu na 1945. Na Enrico Fermi a Chicago ya kama tun 2 ga Disamba 1942. Amurka ta kashe kimanin dala miliyar 2, abin da Jamus ta kashe bai kai kashi 1 cikin 100 na wannan ba. Daɗin daɗawa, lissafin da ya tayar da aikin Ingila a watan Maris na 1940 ƴan gudun hijira biyu ne suka yi shi a Birmingham, Frisch da Rudolf Peierls, shi Peierls kuwa tsohon ɗalibin Heisenberg ne a Leipzig. Ƙasar da ta kori masananta tun dokar Afrilu 1933 ba ta bukatar wani maƙarƙashiyar lamiri kafin ta gaza.

Sai kuma Bohr ya yi magana daga kabari, a zahiri wannan karon. Lokacin da ya karanta fassarar littafin Jungk a harshensa, wadda ke ɗauke da wani yanki na wasiƙar Heisenberg game da daren 1941, ya zauna ya rubuta masa amsa. Ya sake ta sau da dama har rasuwarsa a 1962, bai aika ko ɗaya ba. Hayaniyar da wasan Frayn ya tayar ita ta sa iyalinsa suka saki takardun a watan Fabrairu na 2002, kuma wannan kaɗai alheri ne da tarihi zai gode wa wasan. A cikinsu Bohr ya ce yana tuna maganar sarai: Heisenberg da Weizsäcker sun nuna tabbacinsu cewa Jamus za ta yi nasara, don haka wauta ce ƴan Danmark su ci gaba da ƙin haɗin kai, kuma Heisenberg ya bar shi da fahimtar cewa a ƙarƙashin jagorancinsa ana yin duk abin da za a iya don ƙera makamin. Frayn ya amsa cewa wannan bai rushe wasansa ba, tunda shi ma tunanin mutum guda ne bayan shekara 16. Yana da ɗan gaskiya. Wasiƙar da Heisenberg ya rubuta wa matarsa a wancan makon, wadda iyalinsa suka fitar daga baya, ta nuna ya sake komawa gidan Bohr kafin ya bar birnin, har ya kaɗa musu piyano, alamar cewa tsinkewar ba ta zo farat ɗaya ba. Amma amsar Frayn tana tona raunin dabarar tasa. In kowace sabuwar shaida za ta zama wani daftari ne kawai a cikin daftarori, to babu shaidar da za ta taɓa canza komai, kuma wanda ke cin ribar wannan hali a kullum shi ne wanda ake tuhuma.

Wurin da ya fi damuna a wasan shi ne lissafin gawarwaki na kusa da ƙarshe. An tuna wa Bohr cewa ya tsere a 1943, ya isa Los Alamos, ya sa hannu a aikin da ya ƙone Hiroshima da Nagasaki, alhali Heisenberg bai zama sanadin mutuwar kowa ba. Ba laifi ba ne a tuhumi masanan Los Alamos. Wasu daga cikinsu sun tuhumi kansu tun kafin a jefa bom. Amma kashi na biyu na maganar yana tsayawa ne kawai in an taƙaita duniya ga kujeru uku. A watan Disamba na 1943 Heisenberg ya je Krakow ya yi lacca a matsayin baƙon Hans Frank, gwamnan mamayar Polan, wanda aka rataye bayan shari'ar Nuremberg. A wannan shekara ya je Holand, inda masani Hendrik Casimir ya tuna ya gaya masa cewa Turai a ƙarƙashin Jamus wataƙila ita ce mafi sauƙin sharri biyu. Gaskiya ne shi ba ɗan jam'iyyar Nazi ba ne, gaskiya ne jaridar SS ta zage shi a 1937 da sunan farin Bayahude saboda yana koyar da ilimin Einstein, har sai da mahaifiyarsa ta je ta ga mahaifiyar Himmler. Gaskiya ne kuma a 1957 shi da Hahn da Weizsäcker suna cikin masana 18 da suka sa hannu a sanarwar Göttingen ta ƙin ba sojan Jamus ta Yamma makaman nukiliya. Duk wannan yana cikin ma'auni. Amma mutumin da ya ara wa mamaya martabar sunansa ba a ce hannunsa bai taɓa komai ba.

Sa'annan uraniyom ɗin da kansa, daga ina? Kamfanin Auer da ke Oranienburg, wanda ke tace shi, ya yi aiki da fursunoni mata na sansanonin gwale-gwale. Wani kaso na ma'adinin daga mahaƙar Joachimsthal ya fito, a yankin da aka ƙwace wa Cekoslobakiya. Kaso mai yawa kuwa Jamusawa sun same shi ne a Beljik bayan mamayar 1940, a rumbunan kamfanin Union Minière, kuma asalinsa mahaƙar Shinkolobwe ce a Katanga, ƙasar Kwango. Daga wannan mahaƙa ɗin dai shugaban kamfanin, Edgar Sengier, ya aika kimanin tan 1,200 zuwa New York a 1940, wanda ya zama jarin farko na aikin Amurka. Watau ɓangarorin biyu na muhawarar Frayn, mai bom da marar bom, daga rami guda aka haƙo musu, da hannun leburorin Afirka da ba a tambaye su ba. Uraniyom ɗin Nijar ba shi da hannu a wancan yaƙi, tunda sai 1957 aka gano shi, sai 1971 aka fara haƙarsa a Arlit. Amma mai karatu na ƙasar nan ba ya bukatar a koya masa cewa labarin wannan ma'adini ba a ɗakin gwajin masana yake farawa ba, kuma zai ji shirun wasan a kan wannan fiye da mai kallo na Landan.

Za a ce wasan kwaikwayo ba littafin tarihi ba ne, ba a tambayar mai kujeru uku don me bai kawo dubu ba. Na yarda da rabin wannan. Frayn ya kuma tanadi kariya a cikin wasan, ita ce Margrethe. Ita ce ba ta yarda a ɓuya a bayan lissafi ba. Duk lokacin da mazan biyu suka fara shawagi cikin falsafa sai ta jawo su ƙasa da tambayar wa aka ba kujerar farfesa, wa ya gudu, wa ya zauna. Duk sukar da na yi a sama akwai ƙwayarta a bakinta. Sai dai tsarin wasan ya fi ƙarfinta. Ana ba ta gaskiya a tsakiya, a karɓe a ƙarshe, domin kalmomin rufewa da mafi daɗin labari na Heisenberg ne: tafiyarsa a kan keke ta cikin Jamus da ta zama kango a watan Afrilu na 1945, da ɗan SS ɗin da ya tare shi zai harbe shi, ya fanshi ransa da fakitin taba. Mai kallo yana fita da tausayin wannan mutum a kan keke. Tausayin ba haram ba ne, amma an saya shi da tsarin da ya sa shakka ta yi kama da hikima.

Da za a ƙara kujera ta huɗu, Lise Meitner ce ta cancance ta. Ta san mutanen nan duka, ta ci abinci da su shekaru, ta kuma san fizik ɗin daidai da kowannensu. An gayyace ta aikin bom na ƙawance, ta ƙi. A watan Nuwamba na 1945, yana tsare a Farm Hall, Hahn ya ji an ba shi kyautar Nobel ta shimi ta 1944 shi kaɗai, ba ita, ba Strassmann, wanda a 1943 ya ɓoye wata Bayahudiya a gidansa da ransa a hannu. Meitner ba ta ga wani hazo a lamarin abokanta ba. A watan Yuni na 1945 ta rubuta wa Hahn daga Stockholm cewa dukansu sun yi wa Jamus ta ƴan Nazi aiki, ba su ko gwada ƙin haɗin kai na shiru ba. Sun taimaki mutum ɗaya nan ɗaya can don su kwantar da lamirinsu, alhali ana kashe miliyoyi babu wanda ya ɗaga murya. Ta ba su shawara su fito fili su amsa cewa shirunsu ya sa suna da kaso a alhakin. Ta ambaci zuwan Heisenberg Danmark a 1941 a matsayin abin da ba za a manta ba. Ba ta kuma keɓe kanta ba: bayan ƴan shekaru ta rubuta masa cewa zamanta a Berlin daga 1933 zuwa 1938 kuskure ne babba. Wasiƙar 1945 ta ba wani Ba'amurke ne ya kai, a lokacin da Hahn yake tsare a inda ko iyalinsa ba su sani ba, kuma ba ta isa hannunsa ba.